Lamba Uku, Ciwo Ɗaya

Ni Shu'aibu direba ban yi boko ba, amma na san lambar sanƙo a littafin likitoci. Bakwai-sifili-huɗu ce. Na san ta ne don da ita Arzika ya riƙa kirana shekara da shekaru, a tasha, a gaban fasinja, har a ƙofar masallaci. In na zabura zan cafke shi sai ya ja da baya yana dariya, ya ce, "Ba ni na rubuta littafin ba, ubangijina. Tafi ka yi faɗa da Turawa."

Ubangijinsa yake ce mini don taubashina ne. Uwarsa ƙanwar babana ce, shi ɗan mace ni ɗan namiji, ke nan bawana ne tun ran suna, kuma ban taɓa barin sa ya manta ba. A 'Yandoto aka haife mu, nan kusa da Tsafe. Ubansa Baba Mamman wanzami ne, don haka Arzika ya buɗe ido yana kallon kawunan mutane, wannan da makero, wancan da amosani, wani da maruru a ƙeya. Yana firamare uban ya rasu, uwar ta bi shi ba da daɗewa ba. Dangin ubansa suka ɗauke shi, suka hana mu. A gidan da aka riƙe shi ba a dukan sa, ba a hana shi abinci, sai dai a bakin murhu ake ajiye masa nasa, ya ci shi kaɗai bayan 'ya'yan gida sun gama. Wannan abu bai taɓa fita daga ransa ba, har ya yi furfura.

Allah ya ba shi kai, ya yi karatu daidai gwargwado, ya samu aiki a ɗakin kati na wani asibitin gwamnati a Gusau. Mutane suna zaton aikin ɗakin kati miƙa kati ne ta taga kawai. Na Arzika ya wuce nan. In likita ya gama duba mutum ya rubuta sunan ciwonsa, katin yakan dawo teburin Arzika. Shi kuma yana da wani ƙaton littafi, bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi, wanda kowane ciwo na duniya yake da lambarsa a ciki. Sai ya nemo lambar ya rubuta a gefen katin. In wata ya ƙare ya tattara, ya ce masu kaza mutum kaza ne, a aika ma'aikatar lafiya. Da wannan ne, in ji shi, gwamnati take sanin maganin da za ta sayo. Na ce masa to ashe ba ta karantawa, ya ce wannan kuma ba teburinsa ba ne.

Yana da doka ɗaya da kowa ya san shi da ita. Ba ya ba ciwo lamba sai likita ya rubuta sunansa da hannunsa. Ko da ya ga mutumin da idonsa yana susa kamar zai yage jikinsa, kowa ya san ƙazuwa ce, in likita ya yi jagwalgwalon da ba ya karantuwa, Arzika zai ɗauki katin ya koma ya tsaya masa a ƙofa. Yakan ce, "Ni mai ajiya ne, ba mai gani ba ne. Ran da mai ajiya ya fara gani da kansa, ran nan ƙarya ta shigo ɗakin kati."

Duk cikin littafin nan, babin fata da gashi da farce ya fi so. Gadon wanzanci ne, ina ji. Shekarar da aka ba mu jiha, aka ɗora masa zagayen ƙananan asibitocin Tsafe da Bungudu duk wata, yana karɓo lissafinsu yana gyara musu lambobi. Motata yake shiga, ya zauna gaba kusa da ni, littafin a cinya. Wallahi tafiya da shi jaraba ce. Fasinja zai cire hula ya sosa kai, sai in ji Arzika ya raɗa mini lamba. Mace ta miƙo hannu ta taga da farce ya kumbura, ya raɗa wata. In na ce, "Kai bawa, ina dokar taka?" sai ya ce ai wannan ba a kati ya rubuta ba, a kunnen jahili ya zuba, ba ta zuwa ko'ina.

Wata rana a hanyar Tsafe muka wuce wani kuturu zaune a gindin tsamiya. Na ce masa to wannan fa, nawa ce tasa a babin naka? Ya ce, "Wannan ba ta cikin babina. A fata take fitowa, amma ba 'yar gidan ba ce. Tana can farkon littafi, unguwa ɗaya da tarin fuka da sauran masu yaɗuwa. Sifili-uku-sifili." Ya faɗa ya kau da kai. Na tuna ko a lokacin bai yi dariya ba.

A Gusau layi ɗaya muke, can bayan Sabon Gari. Yana da mata ɗaya, Juwairiyya, mace mai haƙuri, Allah bai ba su haihuwa ba. In ka tambaye ni abin da Arzika ya mallaka a duniya wanda ya fi ƙauna, ba aikin ba ne, ba littafin ba ne. Ciyayyar ƙofar gidan Baba Dogo ce. Baba Dogo dattijon layinmu ne, tsohon ma'aikacin reluwe. Kullum in an idar da magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofarsa, kowane magidanci a fito da tuwon gidansa, a juye a faranti ɗaya babba, a zuba miya, a kewaye. Da ni, da Lukuman tela, da Ɗanjuma mahauci, da wasu biyu. Arzika ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi. Shi ke riƙe buta a wanke hannu. In an tura shi Bungudu kuma mota ta makara, sai ya dame ni da in taka, kada a fara babu shi. Ko zazzaɓi yake sai ya rarrafo ya sa hannu, ko da loma ɗaya ce. Yakan ce wanda ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu, kuma shi ya riga ya gama cin nasa rabon na kaɗaici tun yana yaro.

To, wannan wurin zama nasa a bakin farantin nan, shi ne abin da ya tsaya karewa, kuma shi ya kai shi ya baro.

Lokacin wahalar mai ne na fara ganin abin. Mun tsaya layi a Bungudu tun hantsi har azahar, muka sauka bakin gulbi mu yi alwala. Ya naɗe hannun riga, sai na ga wani tabo a damtsensa na dama, fatar wurin ta koɗe ta fi sauran haske, faɗinsa bai wuce bakin kofi ba.

Na ce, "Bawa, mene ne wannan?"

Ya saki hannun rigar da sauri. "Ba komai. Na duba."

"Wa ya duba?"

"Na duba littafi. Canjin launin fata ne kawai. Bakwai-sifili-tara."

"Yana ƙaiƙayi?"

"Ko kaɗan. Ka ga ke nan ba wani abu ba ne."

Na ce masa kai da kake kwana kake tashi cikin likitoci, ka nuna wa ɗaya mana, ai ba sai ka bi layi ba. Ya ce zai nuna. Na yi ta tuna masa, yana cewa gobe. Da na matsa sai ya fusata, ya ce shekararsa nawa da littafin nan, ni da ko sunana sai an riƙe mini hannu zan koya masa aikinsa? Na ce, "Lallai wanzami ba ya son jarfa." Muka yi kwana biyu ba ma magana sai a bakin faranti.

Daga baya ne na gane abin da yake gudu. Duk katin da likita ya rubuta wa waccan kalma, kuturta, ba ya komawa cikin 'yan'uwansa. Durowarsa daban take, kuma Arzika ne da kansa ya shafa mata jan fenti. Maganin kyauta ne, amma rana ɗaya ake bayarwa a wata, a wata rumfa bayan asibiti, inda duk mai wucewa zai ga wanda ya zauna a bencin. Gusau kuma ba ta da girman da za a gan ka da safe labari bai kai layinku kafin magariba ba. Ya san da zarar an gan shi a bencin nan, ya rabu da farantin Baba Dogo. Sai ya karya dokarsa a kan mutum ɗaya tak a duniya. Ya zama mai gani, ya ba kansa lamba mai sauƙi, ya rufe littafin.

Abin ya ci gaba a hankali. Ya daina sa riga mai gajeren hannu ko da ana tsananin zafi. Bayan wani lokaci na lura gashin girarsa na zubewa daga gefe. Na yi masa tsiya, na ce yau ga sanƙo ya sauko wa bawa a fuska. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Awo, mun zama gida ɗaya, bakwai-sifili-huɗu. Zubar gashi ce, shekaru ne." Sai faratansa na hannun dama suka fara tsagewa, bakin yatsun yana bushewa yana fashewa. Wannan ma ya samo mata gida, ya ce ciwon farce ne, bakwai-sifili-uku, ƙurar tsofaffin katuna ce ke jawo shi.

Kun ji irin wautar da sai mai ilimi ke iya yin ta. Ni jahili da na ga tabo, na ga gira, na ga yatsu, jikina ya ba ni abu ɗaya ne ke cin mutumin nan. Shi kuwa aikinsa na shekara ashirin shi ne rarrabewa, kowane abu a kai shi gidansa. Sai ya yanka ciwo ɗaya gida uku, ya ajiye kowanne a layinsa, ya duba ya ga ba wanda ya kai abin tsoro a cikinsu. Ba na ce ya yarda da ƙaryar har zuciya ba. Amma in ya buɗe littafin ya ga lambobin nan uku a rubuce, kowacce da wurinta, hankalinsa yakan kwanta ya samu ya yi barci. Juwairiyya ta gaya mini haka daga baya, tana kuka. Ta ce biro ya sha faɗuwa daga hannunsa bai sani ba, sai ya ga rubutu ya tsaya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da daminar shekarar casa'in da takwas ne. An yi ruwa da la'asar, itace ya jiƙe, girki ya makara a ko'ina. Muna zaune yunwa na cin mu, sai ga tuwon dawa daga gidan Ɗanjuma, daga tukunya kai tsaye, da miyar kuɓewa tana tafarfasa. Aka juye. Lukuman ya kai hannu ya janye yana yarfewa, ya ce, "Kai! Wannan ai sai a jira." Ni ma na taɓa na janye. Kowa ya naɗe hannu.

Arzika yana ba da labarin wani malamin asibiti a Tsafe, idonsa na kanmu, bai lura mun tsaya ba. Ya tura yatsunsa cikin tsakiyar tuwon, ya yanko, ya mulmula a hankali, ya tsoma a miya. Da ya kai baki ne ya ji zafi, ya furzar. Amma hannun yana nan, miya na gangara a kai, ko gezau.

Lukuman ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Malam Arzika, hannun nan naka na maƙera ne?"

Ba wanda ya taya shi. Fitilar ƙwai na gefen Arzika, duk muna ganin yatsun nan uku sun yi ja, fatar ta fara tashi. Shi ma ya bi idonmu ya duba hannun, kamar na wani ne aka ajiye masa. Baba Dogo ya daɗe yana kallon yatsun, sannan ya ɗaga kai ya kalli girar. Shi Baba Dogo, kawunsa da ya rene shi da wannan ciwo ya mutu, ya san shi farin sani. Ya jawo buta ya wanke hannunsa da bai ko taɓa tuwon ba, ya ce cikinsa ba daɗi, ya shiga gida.

Washegari da muka fito, an shimfiɗa tabarma, an ajiye faranti a tsakiya. A can bakin tabarmar kuma ga wani ƙaramin kwano da murfi, shi kaɗai. Ba wanda ya ce na wane ne. Arzika ya iso da butarsa, hannu naɗe da tsumma, ya yi sallama, ya ga kwanon. Ya tsaya. Ya ajiye butar a hankali ya juya.

Ni kam na haukace. Na shure kwanon ya tarwatse a kwata, na ce musu munafukai, mutumin da ya shekara goma sha yana zuba muku ruwa a hannu! Baba Dogo ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Shu'aibu, wanga abu ba ƙiyayya ba ce. Muna da ɗiya ƙanana." Na san tsoro ne, kuma tsoron ba na ƙarya ba ne. Sai na ƙara zagin Lukuman, don shi ne daidai ni.

Da safe na je na ɗauko Arzika. Na ce ko ya shiga mota da ƙafarsa ko in ɗaure shi in jefa a but ɗin motar. Bai yi gardama ba, abu ɗaya ya roƙa, kada a yi a Gusau. Muka tafi Bungudu wurin Malam Kamilu, ma'aikacin lafiya mai kula da masu wannan ciwo, wanda Arzika ya sha gyara wa lambobi. Malam Kamilu ya sa shi ya cire riga. Tabon nan ɗaya ya zama da yawa, har gadon baya. Ya ce ya rufe ido, ya ɗauki ɗan zaren auduga yana taɓa shi, ya ce duk inda ya ji ya nuna. A kafaɗa ya nuna. A wuya ya nuna. Da aka zo kan tabon, aka zo yatsun, auduga na kai Arzika na zaune ido rufe yana jira a fara. Nan ne na fita waje, don ba na son bawana ya buɗe ido ya ga ubangijinsa na hawaye.

Da na dawo na ji Malam Kamilu yana cewa, "Haba Malam Arzika. Da tun yana tabo ɗaya ka zo, da wata shida ka gama, ba wanda zai sani, ba abin da zai taɓa hannunka. Me ya hana ka?"

Ya ce, "Na ba shi lamba."

Malam Kamilu bai gane ba, ni na gane. Ya yi mana bayani cewa maganin yana kashe ƙwayar ciwon, kuma da an fara sha mutum ya daina yaɗa shi. Amma jijiyar da ta riga ta mutu ba ta dawowa. Ƙananan yatsunsa biyu na dama sun fara lanƙwashewa, kuma haka za su zauna.

Ƙarshen wannan watan, lissafin Bungudu ya iso teburinsa kamar kullum. Ya gaya mini da bakinsa cewa ya ga sunansa, ya ga abin da aka rubuta a gaba da hannun mai gani, yadda dokarsa ta ce. Ya riƙe biro da yatsu uku ya rubuta sifili-uku-sifili. Ya ce rubutun ya fito da kyau.

Ɓuyan da muka je yi Bungudu ma bai yi amfani ba. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin yana rina fata, mutum ya yi wani irin duhu mai ja-ja, duk wanda ya san ciwon ya san alamar. Gari ya ɗauka. A wurin aiki ba a kore shi ba, amma an mai da teburinsa lungu, nesa da taga. A masallaci sai ya riƙa tsayawa ƙarshen sahu, yana sallamewa ya fice kafin a fara musabaha. Duk wata nakan kai shi karɓar magani, yana gaba kusa da ni yadda ya saba, sai dai ya daina raɗa mini lambar kowa. Har tsokanar sa nake, in cire hula in shafa kaina a gabansa. Sai ya yi murmushi ya kalli gonaki.

Abincinsa a zaure Juwairiyya take ajiye masa. Daga nan yana jiyo hirarmu a ƙofar Baba Dogo, da ƙarar faranti. Na so in dawo wurinsa da ci, ya hana. Ya ce in riƙe masa wurinsa, in na tashi wa zai tuna musu da shi? Abin da ya riƙe shi ke nan duk tsawon shan maganin. Yakan ce, "In na gama, Malam Kamilu ya sallame ni, ai shi ke nan ko?" In ce shi ke nan mana.

Ya gama wajen ƙarshen casa'in da tara. Na ɗauko Malam Kamilu takanas daga Bungudu na kawo shi ƙofar Baba Dogo. Mutumin kirki, ya zauna ya yi musu bayani dalla-dalla, ya ce Malam Arzika ya warke, ba ya ɗauke da komai, yatsun nan tabon yaƙi ne kawai. Ya kama hannun a gabansu ya riƙe. Baba Dogo ya sunkuyar da kai, ya ce to alhamdu lillahi, gobe ya fito, wurinsa na nan.

Ranar Arzika ya yi aski, ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Juwairiyya ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, har da nama. Ya fito da butarsa. Aka yi masa maraba, har Ɗanjuma ya ce an yi kewar labaransa. Ya zuba wa kowa ruwa. Aka juye, aka yi bismilla, ya sa hannu. Wallahi na ga fuskarsa lokacin da ya kai lomar farko, ta koma irin ta da.

Ana ci ana hira, ba wanda ya yi wani abu da za ka kama. Ba wanda ya tashi, ba wanda ya yamutsa fuska. Sai da ci ya yi nisa na lura. Kowa yana ci daga gabansa, yana tafe yana tafe, in ya kusa inda hannun Arzika ke shiga sai ya karkata. Miyar ma kowa ya ja tasa gefe. Da aka kusa gamawa farantin ya yi fes ko'ina, sai gaban Arzika kawai. Wata 'yar katangar tuwo ta rage a tsaye, ta kewaye gurbin da ya ci, ba wanda ya taɓa ta. A farantin da a da har suɗe shi ake yi.

Ya gan ta. Ya daina tauna.

Na kai hannu na rushe katangar, na tattara, na dangwali miyar gabansa na cusa a baki, ina kallon su ɗaya bayan ɗaya. Na cinye tas. Ba wanda ya iya haɗa ido da ni. Lukuman ya ce shi dai yau bai jin yunwa sosai.

Arzika ya jawo buta ya wanke hannu. Ya ce, "Allah ya saka da alheri. Allah ya ƙara rufa asiri." Ya tashi ya karkaɗe rigarsa. Butar ma a nan ya bar ta.

Bai sake fitowa ba. Ba a daɗe ba ya nemi a sallame shi daga aiki, ya ce hannun ba ya riƙe biro, ko da yake ni na san yana riƙewa. Suka koma 'Yandoto shi da Juwairiyya, kangon gidan ubansa. Ni ma ban ƙara zama ƙofar Baba Dogo ba, muna dai gaisawa.

Duk ran da na yi lodin Tsafe nakan ratse in gan shi. Zuwana na farko na tarar da shi a zaure, an kawo abincin rana. Ya ƙwala wa Juwairiyya kira ta kawo wa baƙo nasa. Ta kawo a kwano daban. Na ture shi gefe, na ce yaushe bawa ya fara ware wa ubangijinsa kwano? Na wanke hannu na tsoma a nasa.

Sai ya zare hannunsa a hankali ya ɗora a gwiwa.

Na ce, "Ci mana."

Ya ce, "Na ƙoshi."

"Ƙarya kake, loma biyu ka yi."

"Na ƙoshi, Shu'aibu. Ci kai dai."

Na yi faɗa, na yi zagi, na yi lallashi, har na rantse ba zan tashi ba sai ya ci. Yana zaune yana kallon ƙofa. Can ya ce, "Kai don ka nuna musu kake yi, na kuwa gode. Amma ni yanzu in hannu ya shigo kwanona, ba abincin nake gani ba, hannun nake bi da ido in ga inda zai karkata. Bar ni in ci abincina."

Na sake gwadawa a zuwa na biyu, da na uku. Duk sanda na sa hannu sai ya ƙoshi. Juwairiyya ce ta tare ni a soro ta ce, "Yaya Shu'aibu, don Allah ka bari. Duk ran da ka yi haka, ba ya ƙara cin komai sai washegari."

Daga nan na bari. In na je, ta kawo kwano biyu. Ya zauna can, in zauna nan, tabarma ɗaya, mu ci muna hirar damina da farashin dawa. Haka muka yi har shekarar da Allah ya karɓi abinsa. Ni na cire masa hula ran da za a yi masa wanka, na ga ashe shi ma sanƙon ya cinye masa kai tas, bai taɓa gaya mini ba.